Kwalbar da Na Ƙi Cikawa

Shekarar da ruwan madatsar Kainji ya fara cinye gungaye, wato tsibiran cikin kogi, ina da ɗan kantin magani a bakin kasuwar Yelwa. Kafin nan na daɗe ina wanke rauni a asibitin En'e, shi ya sa kowa ke ce mini Likita, ni kuwa ban taɓa hana su ba. A zamanin ba a sayar da magani haɗe da kwalba. Kowa ya zo da tasa, in auna masa ruwan kwinin daga babbar kwalbar da ke bisa kanta, in liƙa takarda, in ja masa zane da tawada don ya san inda zai tsaya kowace rana. Doka ɗaya gare ni: duk kwalbar da aka kawo sai na shinshina ta, in tafasa ta a tukunya bayan kanti. Mutane na yi mini tsiya wai na mai da kemis gidan mai koko. Su ta shafa.

Wata ranar kasuwa da hantsi wani masunci ya shigo, ƙato, filafilin jirginsa a hannu, zufa na tsiyaya. Cikin Gungawan da aka tasa ne aka kai su sababbin gidaje wajen Shanga. Ya ce ɗiyarsa kwana huɗu ke nan jikinta kamar garwashi, ko kunu ba ta karɓa. Ya dangwara mini kwalba.

Ban ma kai ta hanci ba warin ya buge ni. Maganin ƙwari ne, irin wanda masunta suka fara tsiyayawa cikin ruwa kifi ya taso ciki sama. Na taɓa ganin wanda ya sha shi, na ga kumfar da ta fito masa a baki. Nan take kaina ya ɗau zafi.

Na ce, "Kai! Cikin wanga abu za ka ba ɗiyarka magani? Kisa ka zo in taya ka?"

Ya ce, "Likita, na wanke ta da yashi har sau uku. Zuba mani don Allah, hanya na da nisa."

"Ko da ruwan Zamzam ka wanke ta ba ni zubawa."

Gaskiya ɗaya ce, kuma zan faɗe ta. Akwai kwalabe tafasassu a ƙarƙashin kanta, miƙa hannu kawai zan yi in ba shi ɗaya. Amma ni bakina kullum yana riga hannuna. Ga mutane sun taru a ƙofa, sai na ɗaga murya na ce sun gama kashe kifin Allah yanzu sun koma kan ɗiyansu, jahilan banza. Na ɗauki kwalbar na maka ta da bango, ta tarwatse.

Ban ga lokacin da ya ɗaga filafilin ba. Ji na yi ƙas a kafaɗata, hannuna na hagu ya saki. Wallahi ban ji zafi ba, haushi na ji. Na rarumi taɓaryar daka magani na sauke masa a goshi, jini ya wanke masa ido ɗaya. Ya shaƙe ni, na gantsara masa cizo, muka yi baya muka faɗa kan kanta. Babbar kwalbar kwinin ta gangaro ta fashe a ƙasa. Ita kaɗai gare ni, motar da ke kawo mini kaya daga Kontagora kuwa sai bayan mako biyu.

Sai mutumin nan ya sake ni. Ya durƙusa cikin fasassun kwalabe yana kwarfar maganin da tafin hannu, ƙasa na shanye shi, gilashi na yanka masa yatsu. A haka 'yan doka suka same shi. Ba su tambayi kowa komai ba, Likita ne aka daka. Suka rufe shi da kulki, suka ja shi yana ihu, "Ɗiyata na jira! Ku bar ni in kai mata!" Ina jin sa. Kalma ɗaya daga bakina ta isa su sake shi, ban faɗa ba.

Kwana uku ina gida, mai ɗori ya ɗaure mini kafaɗa, 'yan dubiya na yaba mini wai na ceci rai. Ni ma ina ta baza labari, ina ƙara gishiri. Inna, mahaifiyata, ita kaɗai ce ba ta yaba mini ba. Da ta kawo mini fura sai ta ce, "To ita yarinyar wa ya kai mata magani?" Na ce ta ƙyale ni da ciwona.

Rana ta biyar ina share kanti da hannu ɗaya na ga inuwa a ƙofa. Shi ne, goshi a kumbure, yatsu naɗe da tsumma. Na fara laluben abin duka. Bai shigo ba.

Ya ce, "Likita, tambaya ɗaya na zo yi. Da ka zuba mani cikin kwalbar nan, da ta mutu?"

Na ce, "Da ta mutu."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To, ta mutu. An rufe ta ina ɗaure."

Ya juya ya gangara bakin ruwa. Na buɗe baki in kira shi, sai na tuna ko sunansa ban tambaya ba.