Hancin Inna

Tun kafin a haife ni Inna take yin daddawa. A Zuru, mace in tana son ta kirki ƙofarmu take nufa, har daga Danko da Wasagu ana yo mata saƙo ranar kasuwa. A dafa kalwa wuni guda, a surfe ta da toka, a wanke, a sake dafawa, a juye cikin kwando mai shimfiɗar ganye, a lulluɓe da buhu a ɗaki. Safiya ta uku Inna kan ɗaga gefen buhun ta shaƙa sau ɗaya. In ta ce ta nuna, to ta nuna. Ba ta yarda kowa ya buɗe mata kwando, ko ni ɗiyarta, wai kalwa ba ta son hannu biyu.

Hannunta ya fara rawa shekarar da motoci suka koma bin dama. Tsufa muka ɗauka. Ni dai, da yake ba na rasa abin damuwa, wasu abubuwan nake lura da su. Muryarta ta yi ƙasa. Fuskarta ta daina motsi, har maƙwabta suna tambayata ko mun ɓata mata rai. Takan kwana huɗu ba ta zaga bayan gida ba. Wani lokaci ta tsaya riƙe da taɓarya tana kallon turmi, sai na ce mata surfe ne, sannan ta ci gaba.

Wata Asabar da hantsi matar wani mai kanti ɗan kudu, wadda ta daɗe tana saye a wurinmu, ta shigo da daddawa ƙunshe cikin takarda. Tana dariya ta ce maigidanta ya kai loma ɗaya ya tofar, ya ce saura a sa masa lagwani a baki.

"Mama, wannan daddawa kananzir ne yana ciki."

Inna ta karɓa, ta kai hanci, ta ce ita ba ta ji komai ba, mutanen kudu ne da tsirfa. Na karɓa. Kafin ta iso fuskata warin ya sauka mini har maƙogwaro.

Na shiga ɗaki. Buhun da ke kan kwandon shi ne wanda yayana soja ya naɗo mana garwar kananzir a ciki. Da shi ta lulluɓe kalwar kwana uku, ta ɗaga, ta shaƙa, ta ce ta nuna. Ranar gida-gida na bi ina karɓo daddawar, ina tambaya ko wani yaro ya ci, ina ba da haƙuri har ga waɗanda ba su saya ba.

Da la'asar na yi abin da har yau nake neman gafara a kansa. Na ɗiga kananzir a tsumma, na miƙa mata, na ce ta ji mini ko ya wanku. Ta manna shi a hanci, ta ja numfashi, ta ce tas yake. Na tsaya ina kallonta kamar wadda aka musanya mini uwa.

Da yayana ya zo hutu muka kai ta asibiti. Likita ya sa ta yi tafiya, ya lanƙwasa mata hannu, ya ce sunan ciwon Fakinsan. Ya ce hancin da cikin da jinkirin tunanin duk ciwo ɗaya ne, kuma sau da yawa hanci kan riga hannu tafiya. Ƙwaya za ta rage rawar, hanci kuwa kada mu sa rai. A hanya yayana ya ce daga yau an bar daddawa.

Bayan mako biyu na tarar ta ɗora tukunyar kalwa. Ban hana ta ba, ban kuma gaya wa yayana ba. Buhun dai ni na zaɓo, na wanke shi sau uku. Safiya ta uku na laɓe a bakin ƙofa. Ta ɗaga gefen buhun ta shaƙa, ta sake, ta sake. Ba ta juyo ba ta ce:

"Ke, na san kina nan. Taho ki ara mini hancinki."

Na durƙusa, na shaƙa. Warin bai kai ba. Na ce da saura, sai gobe. Ta mayar da buhun, ta gyara gefensa a hankali. Na ɗauka mafi wuyar ta wuce, sai ta riƙe bakin zanena.

"In ta nuna, mi ake yi mata?"

Ita ta koya mini tun ban kai tsawon taɓarya ba.

"Daka, Inna," na ce. "Sai mu mulmula, mu shanya."

Ta gyaɗa kai, ta ce kada in yi nisa gobe.