Faransancin Sanda Bonjur

Duk Shinkafi babu wanda bai san Sanda Bonjur ba. Shekara ashirin da biyar ya yi yana kora shanu zuwa Maraɗi, a can ya tsinto Faransancinsa, a bakin jandarmomi da 'yan kasuwa. Ya iya gaisuwa, ya iya ba da haƙuri, ya iya zagi. Da wannan ɗan guzuri ya zama malamin gari, har kwalin magani ake kawo masa, ya juya shi sama da ƙasa ya yanke hukunci.

Da hanya ta lalace, 'yan bindiga suka kwashe shanun, sai ya koma gidan 'yarsa a Ƙauran Namoda. Zama ya gagare shi. Ya fita, ya dawo, ya kunna rediyo, ya kashe. Abin da ya rage masa a duniya sunan nan ne kawai, ya kuwa riƙe shi da hannu biyu.

Rannan wani malamin Faransanci, Malam Armiya'u, ya shirya bikin nuna finafinan Faransanci na kwana uku a zauren wata makaranta. Da rana ake yi, don baƙin Zurmi da Shinkafi su kama hanya da la'asar. Jama'a suka ce ai ga Sanda, shi zai fassara. Kafin malamin ya buɗe baki, gogan ya riga ya karɓi lasifika.

Aka kunna. Ashe Faransancin fim gudu yake yi, ba ya tsayawa a gaisa. Sanda ya kasa kunne, ban da gaisuwar "bonjur" babu abin da ya kama. Tsoro ya ji, irin wanda bai taɓa ji a gaban jandarma ba.

Amma idonsa na gani. Wani tsoho ne a fim ɗin, da ƙunshin kaya, yana ta sauya mota. Sanda ya gyara murya.

"Cewa yay yi garinsu za shi. Shekara ukku bai ga gonatai ba."

Zaure ya yi tsit. Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya ba tsohon shanu, ya ba shi rijiya a ƙofar gida, har da tsamiyar da shi Sanda yake ɗaure bijiminsa a gindinta. Malam Armiya'u ya dube shi sau biyu, ya sunkuyar da kai.

Tsohon bai isa ko'ina ba aka kira la'asar. Direbobi suka hau danna oda a waje, dole aka kashe fim. Mutane na ta neman takalma, sai wata dattijuwa, Kulsumu, wadda ta gudo daga Kurya Madaro shekara biyu da suka wuce, ta tare shi a bakin ƙofa.

"Malam Sanda, kai da ka jiya maganassu, gaya min. Ya isa gida? Ya iske gidan nan tsaye?"

Masu fita suka dakata. Kalma ɗaya ta ishe shi, sunansa ya tsira, kuma malamin ba zai tona ba. Sanda ya dubi matar, ya ga da gaske take tambaya, ba don fim ba. Ya ji kunya ta rufe shi.

"Kulsumu, wallahi tun da anka fara ban jiya komi ba. Labarina nib ba ku."

Wani ya yi dariya a baya, wani ya ce ashe. Sanda bai waiwaya ba. Ya miƙa wa Malam Armiya'u lasifikar.

"Malam, kai ka gani har ƙarshe," in ji shi a hankali. "Don Allah gaya muna. Ya isa?"