Muciyar da Ta Tafi Kamfani

A shekarar da jikana yake koyon aikin inji a wani babban kamfanin matsar mai a Kano, ni ina nan garinmu Durun ina riƙe da injin niƙan da marigayi mijina Malam ya bar mini. Su can aikinsu kwance manyan injina da ɗaura su, ƙarafan da sai da sarƙa ake ɗagawa.

Wata Juma'a sai ga shi, fuska ba walwala. Na ce, "Maigidan, haka ake zuwa wurin amarya, ko sabulu babu?" Bai dara ba. Ya ce, "Inna, ran Litinin za a gwada mu, wanda ya faɗi sai gida. Ogana ya ce hannuna ya san sifana, amma kunnena a toshe yake. Shi da ya wuce ta gefen inji zai ce boris ya fara ci. Ni ruri kawai nake ji."

Boris na san shi, ƙwallayen ƙarfen nan ne da sandar inji ke juyawa a kansu. Na ce ya ci tuwo tukuna.

Asabar da hantsi na tada inji, mata sun jera kwanukan dawa. Na ɗauko tsohuwar muciyata, na dafa kanta a jikin ƙarfen injin ta hagu, gindin kuma na kanga masa a bayan kunne. Wata maƙwabciyata ta ce, "Yau kuma tuwon ƙarfe za a tuƙa mana?" Na ce, "Ke za ki fara ɗanɗanawa."

Na tambaye shi me ya ji. Ya ce ruri.

"Ba rurin na tambaye ka ba. Abin da ke ƙarƙashinsa."

Ya rufe ido, ya daɗe. Ya ce kamar ana tsiyaya ruwa a randa. Na mayar da muciyar dama. Nan ya fi daɗewa, har mata suka fara ƙorafi. Can ya ce, "Inna, kamar tsakuwa a ƙwarya in ana rege shinkafa."

Sati biyu ke nan ina jin tsakuwar nan, ina jiran mai gyara daga Gwarzo, ban faɗa wa kowa ba. Da aka sallami mata ya kwance wajen da kansa, ya samu boris ya cinye.

Ran Talata ya bugo waya. An kai su gaban injinan famfo uku, ɗaya mai ciwo. Da ya zaro muciyata daga jaka har ogan sai da ya yi dariya. Jikan nawa ya saurara, ya nuna na tsakiya. An riƙe shi a aikin.

Na ce to, a dawo mini da abata. Ya ce ogan ya ara, wai itace ya fi sukundireban da yake kangawa sanyi a kunne. Har yau da ta aro nake tuƙa tuwo.