Rakodar da Ta San Iyakar Gona

A rumfar mai gyaran waya, inda nake jiran a canza min gilashi, wani dattijo yana kwance ƙullin hankici a hankali. A ciki akwai 'yar rakoda da ba ta wuce tsawon yatsa ba. Lambobinta sun goge, murfin batirin kuma da roba aka ɗaure shi. Batiran a aljihu yake ajiye su, wai ko a kashe take sai ta shanye su.

"Baba, kebul ɗin da za a juye wannan ai an daina kawo shi," in ji mai gyara. "Wayarka ma tana ɗaukar murya."

"Waya? Kana cikin ɗauka a kira ka, ta katse. Wannan kuwa ba ta da suruki balle ya kira ta."

Ya sa batir, ya danna. Muryar wani tsoho ta fito a shaƙe: "Daga tsamiya zuwa tsohuwar rijiya, duk gonarmu ce."

Ya kashe da sauri, kamar mai tsoron muryar ta ƙare. Ina zaton mahaifinsa ne, amma ban tambaya ba.

"An sare tsamiyar, rijiyar ta cike, mai maganar ya riga mu gidan gaskiya," ya ce. "Ita kaɗai ta rage min shaida. Sake dubawa, ɗana."