Ƙunar Albarushi a Hannun Ɗiyata

A shekarar da ɓarayin daji suka fara taɓa ƙauyukan gabas da mu, kusan kowane magidanci a Lahodu ya nemi abin kare gidansa. Ni bindigar toka na samu, wadda ƙanen mahaifina ya daɗe yana farauta da ita. Na goge ta, na ɗura mata albarushi da guntayen ƙarfe, na jingine ta bayan ƙyauren ɗakina, na rufa mata tsohuwar tabarma. Ragowar albarushin yana cikin wata 'yar gora a ƙarƙashin gado. A zatona babu wanda ya san da su sai ni da uwar yarana.

Wata rana da hantsi ina fadama ina ban ruwan albasa, maƙwabcina ya zo a kan babur ya ce in taho, ɗiyata ta ƙone. Shekarunta shida a lokacin. Na iske ta tana kuka, yatsu uku na hannun dama sun yi bororo, girarta guda ta babbake. Uwarta ta ce a bakin murhu abin ya faru, ita kuwa tana ɗaki. Muka kai ta ƙaramin asibitin da ke kusa da mu.

Malamin asibitin dattijo ne mai sanyin magana, mutumin Wurno. Ya wanke mata hannun yana zolayarta har ta yi shiru. Sai ya ja yatsun kusa da taga, ya daɗe yana duban wasu baƙaƙen ɗigo da suka shige fatar. Da ya gama ɗaurewa ya ce uwar ta fita da ita.

"Malam, wagga ƙuna ba ta itace ba ce," in ji shi. "Akwai albarushi gidanka?"

Na ce babu. Tsoro nake kada zancen ya kai ga hukuma.

"Ni ba ɗan sanda ba ne, kuma ban tambaye ka don mi ka aje bindiga ba. Na san halin da muke ciki. Inda take kwana kawai nike son sani."

Na sunkuyar da kai. "Bayan ƙyaure."

"Da ɗuri?"

Na gyaɗa kai. Ya ce a ɗakin nan ya sha wanke raunin yaran da babu wanda ya nufe su da sharri, wa ne ko ƙane ya ɗauki abin da uba ya ajiye. Ya nemi izinin zuwa gidana.

Bayan la'asar ya iso. Ya zauna a kan tabarma, ya kira yayan yarinyar, ɗana mai shekara tara, ya tambaye shi ba tsawa ba barazana. Yaron ya ce sukan ɗebi albarushi kaɗan su watsa a wuta don su ga walƙiyarsa.

"To bindigar Baba fa?"

"Muna ɗaukarta in ya tafi fadama. Kunamar bindigar na da tauri, ko mu biyu muka ja ba ta tashi."

"Wa kuke aunawa?"

Ya nuna ƙanwarsa. "Ita ce ɓarawo."

Na miƙe tsaye. Na rarumi igiya, malamin ya riƙe mini hannu.

"In ka doke shi yau, ba zai sake gaya maka gaskiya ba. Shi ya jingine ta nan?"

Muka shaida wa mai unguwa don kada ƙarar ta firgita jama'a, muka fita da bindigar bayan gari, na harba ta a jikin wani suri. Rabin surin ya watse. Na daɗe ina kallon ramin da ta yi.

Na ce wa malamin in ta zauna ba ɗuri, ɓarayi suka zo fa? Ya ce ɓarayi ko su zo ko kada su zo, amma yarana kullum suna cikin gidan. A ranar na rataye ta can sama a ɗakin ajiya, na sa kwado. Albarushin ya koma cikin akwatin ƙarfe a wani ɗaki dabam, mabuɗan biyu suna aljihuna. Ranar Juma'a malamin ya roƙi liman ya yi wa magidanta maganar bayan salla, na ga mutane da yawa suna sunkuyar da kai kamar yadda na yi.

A zuwanmu asibiti na uku malamin ya kwance ƙyallen, ya ce ta dunƙule hannu. Ta dunƙule, ta buɗe, ta sake dunƙulewa tana dariya.

"Babu yatsan da zai sandare," in ji shi. "Girar ma za ta tsiro."

Na fita na zauna a kan bencin da ke ƙofar asibitin, ina ta maimaita alhamdulillahi. Wata tsohuwa da ke jiran layi ta dube ni, ta ce ko haihuwa aka yi mini. Na ce mata a'a, Inna, sauƙi dai aka samu.