Babin da Ba Ya Cikin Littafin

Ɗana na biyu yana da shekara shida a lokacin, kuma yaro ne da ko kaza aka kama za a yanka sai ya shige ɗaki ya toshe kunnuwa. Ga shi dangin mahaifinsa rundawa ne a nan Runjin Sambo, fawa suka gada kaka da kakanni. Ni ban taɓa ganin laifin yaron ba. Haka Allah ya yi zuciyarsa.

Yana son a karanta masa labari, amma samun wanda zai iya saurara aiki ne. Littattafan yara da yawa, da yaro ya ƙi jin magana sai kura ta cinye shi, ko uwa ta mutu tun farkon labari. Shi ya sa duk littafin da zan ɗauka, a tsaye nake karance shi cikin shago. Mai shagon nan na Gidan Igwai har ya gaji da ni, yakan ce, "Hajiya, littahin yara na fa, ba guba ba."

Da ƙyar na samo wani mai babi-babi, labarin wata yarinya da ɗan akuyarta ya ɓata a kasuwa, tana bin rumfa-rumfa tana cigiya. A ƙarshe an tsince shi yana barci cikin kwandon mai albasa. Kullum bayan la'asar muna yin babi ɗaya a kan tabarma, ya ɗora kai a cinyata.

Ranar da ya rage babin ƙarshe, yayan mijina ya shigo gaishe mu. Na ajiye littafin na tashi dama masa fura. Ban gama ba na ji ihu. Na fito da ludayi a hannu, na tarar yaro yana birgima a ƙasa, shi kuwa baƙon riƙe da littafin a buɗe, yana dariya har da buga cinya.

"Inna, an yanka shi! Baba Babba ya karanta, mahauta sun saye shi sun yanka!"

Ashe yatsa ya ɗora a kan layi, yana bi kamar mai karatu, yana ƙirƙiro ƙarya. Har yadda aka feɗe fatar sai da ya faɗa masa.

Na ce, "Yaya, nuna mini inda aka rubuta haka."

Ya ce, "Ke ka lalata yaron ga. Ɗan rundawa na, bari shi saba."

Na ce, "In sabawa kake so ya yi, ka faɗa masa da bakinka. Don me za ka ɗora wa littafi?" Na karɓe shi daga hannunsa. Furar ma bai sha ba, ya fita yana cewa ba ni da kunya. Da mijina ya dawo na gaya masa, sai cewa ya yi wasa ne, in je in ba da haƙuri. Ban je ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya zo washegari. Na buɗe babin na fara karantawa, yaro ya dube ni ya ce, "Inna, ke ka canza shi don kar in yi kuka." Na rantse masa, bai yarda ba. Bai iya karatu ba tukuna, kuma ya ga babba ya bi layi da yatsa.

Shi da kansa ya saka littafin a jakar makaranta ya kai wa malamarsu. Ta karanta wa ajin gaba ɗaya. Ya dawo da gudu yana cewa, "Inna, gaskiyarki, yana cikin albasa!" Na rungume shi, amma raina a ɓace yake. Sai da ɗana ya nemo shaida a waje kafin ya gaskata ni.

Har yau yayan mijina yana ba da labarin nan a wurin suna da biki, ana ta dariya. Da na ji ya ɗauko shi, sai in ja mayafina in bar wurin.