Muryar da Ba Ta Amsa-kuwwa a Tankin Man Girki

Jama'a, abin da zan ba ku labarinsa ba a bakin wani na ji ba, ni ya faru da ni, kuma Allah ne shaidata ban ƙara masa gishiri ba. Shekarun baya ne, lokacin ina zaune a unguwar Mount Hope cikin Bronx ta birnin New York, ina aiki da wani ƙaramin kamfani mai wanke tankuna. In ka ji tanki kada ka ɗauka irin na robar nan da muke ɗorawa a kan soro a gida. A New York akwai na katako da ke saman dogayen benaye yana ba mutanen gidan ruwa, akwai na baƙin mai da ke ƙarƙashin gidaje don ɗumama ɗakuna da hunturu, akwai manya na fetur a bakin ruwa waɗanda rufinsu ke yawo a kan man, ya hau in an cika ya sauka in an kwashe, akwai kuma na farin ƙarfe da masana'antun abinci ke zuba man girki. Duk na shiga cikinsu, kowanne da warinsa da irin yadda yake kashe mutum.

Aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya sauka ciki da igiya ɗaure a bayansa, ɗaya ya zauna a bakin murfi yana riƙe da igiyar da mitar awon iska. Dokar da aka fi buga mana a kai ita ce, na bakin murfi ba ya shiga, ko da ya ga ɗan'uwansa ya faɗi, sai dai ya ja igiya ya kira taimako.

Abokin aikina wani dattijo ne ɗan Zangon Kumasi, Baba Idirisu, mazaunin unguwar Morris Heights. Yana da wata al'ada, ba ya sa ƙafa a tanki sai ya leƙa ya yi sallama, in ya gama kuma sai ya juya ya ce mun fita, a huta lafiya. Wai duk wurin da ya daɗe a rufe cikin duhu ba ya rasa masu shi. Ni kuwa mutum ne mai zargi, ban yarda da kowa ba tun ina Kano, nan ma ƙasar ta ƙara mini. Na ɗauka salon ɓata lokaci ne kawai, har nakan tsokane shi in ce ya gaishe mini da matan gidan.

Ranar wata Juma'a ce da rani, rana tsaka, aka tura mu wata masana'anta mu wanke tankin man girki na farin ƙarfe, dogo ne, murfinsa a sama, sai an hau tsani. Irin wannan tanki ana busa masa iskar nitirojin a saman man don kada ya yi ɗoyi, kuma iskar ba ta da wari ba ta da launi, numfashi biyu ya isa mutum ya zube. Don haka kafin a shiga an rufe bawul ɗinta, wato makunnin bututun da ke sako ta, na sa masa kwaɗo da hannuna, mabuɗin na aljihuna, muka kunna fanka har mita ta ce iska lafiya lau.

Baba ya yi sallamarsa ya sauka. Ina jin ƙarar burushinsa tana kai da komo, domin tanki in ba komai cikinsa ko tari ka yi sai ya dawo maka sau uku. Can sai burushi ya yi shiru, igiya ta saki, sai ga Baba yana hawowa da saurin da ban taɓa gani a wurinsa ba. Ya cire igiya, ya kashe fanka, bai juya ya yi ban-kwanan nan nasa ba. Ya ce an gama, shi zai wuce masallaci, in ɗaure murfi in biyo shi. Ya kama tsanin waje, sai ya tsaya ya dube ni.

"Ɗan Kano, rufe kawai. Kar ka leƙa, kar ka yi magana ciki."

To ku ji fa, ga mai irin halina wannan magana ai gayyata ce. Raina ya ba ni dattijon nan ya bar datti ne a ƙasa yana so in rufe a kai, gobe in an gano a ce ni na ɗaure. Na sauka na yi alwala, na ɗan jima, na dawo da tocila na haska ciki. Tanki fes, sai ƙyalli yake. Kunya ta ɗan kama ni, don in wartsake sai na sunkuya cikin wasa na ce assalamu alaikum, masu gida.

Wallahi tallahi aka amsa. Muryar Baba Idirisu ce sak, da Hausarsa ta Zango, daga can gefen da tocila ba ta kaiwa saboda wani bututu da ya tare.

"Ɗan Kano, sauko ka kama ni. Kafa na ya makale."

Na san na ga tafiyarsa, amma ai na bar wurin na yi alwala, wa ya sani ko ya yi mantuwa ya dawo ya shiga ba igiya? In yana ciki na ɗaure murfi, da yamma za a sako mai a kansa. In kuma na tsaya neman mutane yana can yana wahala, me zan gaya wa iyalinsa? Na buga wayarsa tana ta ringin ba a ɗauka ba, ban kuma ji ta a cikin tankin ba. Muryar ta sake kirana, a hankali, ba ihu ba nishi, kamar mai kiran mutum cin abinci. Ban san sanda na zura ƙafa ɗaya na taka tsanin ciki ba.

Zargin nan nawa da kowa ke ƙorafi a kai shi ya tsayar da ni. Takalmina da ya taɓa ƙarfe na ji ƙarar ta zaga tankin ta dawo. Sallamata ma ta dawo. Amma muryar nan sau biyu ta yi magana, ko sau ɗaya ba ta yi amsa-kuwwa ba, ta zo ne a miƙe kamar a bayan kunnena ake faɗa. Na janye ƙafata, na ɗaura mita a igiya na zura. Ko tsayin mutum ba ta sauka ba ta fara kururuwa. Na laluba aljihu, mabuɗin kwaɗo na nan.

Na sauko da gudu na tara mutanen masana'antar, aka kira 'yan kwana-kwana suka shiga da tukwanen iska a baya. Ba kowa a ciki, ko tsumma babu. Kwaɗona na nan a rufe, bawul a ɗaure, suka gwada shi ba ya yoyo, amma tankin cike yake da nitirojin. Masu wurin suka zargi kamfaninmu, kamfaninmu ya zargi masu wurin, ni kuma na zargi Baba.

Bayan an sauko daga masallaci ya kira ni, na same shi a tashar jirgin ƙasa, ban ko gaishe shi ba na hau shi da faɗa. Ya bari na gama, sannan ya ce yana cikin goge ƙasa ya ji muryata daga bayan bututun nan, ina ce masa ya kwance igiya ya matso ya ga wani abu, alhali yana ɗaga kai yana hango ni zaune a sama bakina a rufe. Na ce to don me bai gaya mini ba?

"Na san ka. In na faɗa maka, sai ka sauka don ka nuna ƙarya na ke yi."

Gaskiya kuwa ya faɗa.

Har yau ban san me ke cikin tankin nan ba, ban kuma san yadda aka yi ya iya muryoyinmu ba. Abin da ke sa tsigar jikina tashi shi ne, da muryata aka nemi ran Baba, da tasa aka nemi nawa. Don haka 'yan'uwa masu irin wannan aiki, ko rijiya ce ko tanki, in kuka ji wanda kuka sani yana kiranku daga ciki, ku fara zura mita kafin ƙafa. Ni dai tun ranar ban sake yi wa tanki sallama ba, don ba na son a amsa.